Kowa ya ce nufin Allah ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Shekarata 29. An sa ranar aurena da wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu, saura wata huɗu. Mutum ne da kowa ke yabo. Yana cikin shugabannin matasa, ba ya fashin sujada, iyayena kuma sun karɓe shi hannu bibbiyu. Wata mama da aka sani da baiwar annabci ta faɗa mini a gaban jama'a cewa Ubangiji ya nuna mata shi ne mijina. Amma tun da aka sa ranar nan barci ya ƙaurace mini. Nakan farka cikin dare ƙirjina ya yi nauyi. In ina addu'a a kan aikina ko iyayena, lafiya lau, da na kai kan maganar auren sai nauyin ya dawo. Ba ni da wani dalili. Sai dai ya taɓa ce mini ya gama biyan wani bashi, daga baya na ga saƙon mai bashin a wayarsa yana neman kuɗinsa. Da na tambaye shi ya yi fushi, ya yi kwanaki ba ya ɗaukar kirana, da ya dawo ya ce macen da ke tuhumar mijinta ba ta san biyayya ba. Ya kuma roƙe ni in daina kai maganarmu wurin yayata. Fasto ya ce fargabar aure ce, kowa na yi. Ƙawata ta ce Shaiɗan ne yake so ya hana ni albarkata, ai Allah bai ba mu ruhun tsoro ba. Mama, muryar wa nake ji? In na dakata, ba na yi wa Allah tawaye ba ke nan?

Wata 'yarki cikin damuwa

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Wurin da na tsaya a wasiƙarki shi ne inda kika ce ba ki da wani dalili, sannan nan take kika jero mini abu uku: ya faɗa miki abin da ba haka yake ba a kan bashi, ya hore ki da gaba saboda kin yi tambaya, kuma yana so ya raba ki da wadda kike kai wa kuka. Waɗannan dalilai ne, 'yata. Kin sa su a ƙarshen magana kamar ƙananan abubuwa domin muryoyin da ke kewaye da ke sun fi taki ƙarfi, har kin fara jin kunyar abin da idonki ya gani. Zan dawo kansu. Amma tunda tambayarki a kan muryar da kike ji ce, bari mu fara daga nan.

Ba zan ce miki duk nauyin zuciya daga Ruhu Mai Tsarki yake ba, domin Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Musa ya yi ta kawo hanzari a gaban kurmi mai cin wuta, har ya roƙi Allah ya aiki wani, alhali kiran na gaskiya ne. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya ce wa almajiransa ransa yana shan wahala har kamar ya mutu, kuma a daidai lokacin yana tsakiyar nufin Uba. Haka ma kwanciyar rai ba kullum take nuna mutum yana kan hanya ba. Yunusa yana gudun Nineba, jirgi na neman nutsewa, matuƙa suna ta kuka ga allolinsu, shi kuwa yana can ƙasa yana sharar barci. Irmiya 17:9 ta gargaɗe mu cewa zuciya ta fi kome yaudara. Don haka wanda ya ce miki ki bi zuciyarki kawai bai ba ki shawarar Kirista ba.

Amma wanda ya ce ki danne ta ki yi shiru, shi ma bai ba ki ba. Ki buɗe 2 Korintiyawa 2:12-13. Bulus ya isa Taruwasa domin wa'azin bishara, kuma da bakinsa ya ce Ubangiji ne ya buɗe masa ƙofa a can. Duk da haka ya ce ransa bai kwanta ba domin bai sami ɗan'uwansa Titus ba, sai ya yi sallama da su ya wuce Makidoniya. Manzo guda, ƙofa a buɗe, aikin kuma na Allah ne, amma rashin kwanciyar rai ya ishe shi ya canza hanya, bai kuwa ɗauki wannan tawaye ba. Ki lura da wani abu: Bulus ya san sunan abin da ke damunsa. Titus ne, da labarin da yake jira daga Koranti. Nan ne nake so ki tsaya. Nauyin da kike ji bai isa shi kaɗai ya yanke hukunci a kan aurenki ba, amma ya isa ya tsayar da ke har ki tambaye shi daga ina ya fito da abin da yake nunawa.

Jiki magayi, in ji masu iya magana, kuma masu bincike ma sun ga alamar haka. A 1997 wasu masana a Jami'ar Iowa ta Amurka, cikinsu har da Antoine Bechara da Antonio Damasio, sun wallafa sakamakon wani gwaji. An ajiye wa mutane tarin kati huɗu su riƙa zara. Biyu suna ba da riba mai tsoka nan take amma ƙarshensu asara ne, sauran biyun ribarsu kaɗan-kaɗan ce amma su ne ake tashi da riba a kansu. Na'urar da aka manna musu a fata ta nuna jikinsu ya fara tsatsafo gumi duk sa'ad da za su kai hannu ga kati mai haɗari, tun kafin su iya faɗin abin da ke faruwa. Wato mutum yakan tattara alamu ya ji su a jiki kafin ya iya sa su cikin magana. Ni ban ga saɓani tsakanin wannan da bangaskiya ba. Allah ne ya halicce mu haka, kuma Ruhunsa yana iya aiki ta wurin lamiri, da hankali, da jikin da ya ba mu. Sai dai jikin nan yakan yi ƙararrawa a banza ma, musamman ga wanda aka taɓa cuta. Yarinyar da ta tashi tana ganin auren iyayenta cike da rikici za ta iya jin faɗuwar gaba a gaban mutumin kirki. Shi ya sa ake auna abin, ba a bin sa ido rufe.

To, yaya ake aunawa? Akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana nazarin wannan, Ignatius na Loyola, ɗan Katolika mutumin Sifaniya. Soja ne, a 1521 harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona. Yana kwance yana jinya sai ya lura da wani abu a kansa. In ya yi tunanin suna da ɗaukakar duniya yakan ji daɗi a lokacin, amma da tunanin ya wuce sai ya bar shi a bushe, ransa a ɓace. In kuwa ya yi tunanin bin Almasihu kamar yadda tsarkaka suka bi, daɗin yakan zauna har bayan tunanin ya wuce. Daga nan ya koyi duba inda kowane motsi na zuciya yake kai mutum, da abin da yake bari a baya. Ko ke ba 'yar Katolika ba ce, wannan ma'auni zai yi miki amfani, domin bai saba da abin da Ubangiji ya ce ba, cewa da 'ya'yansa ake sanin itace.

Ki ɗauki nauyin nan naki ki auna shi haka. Yana nesanta ki da Allah, yana sa ki ji addu'a ba ta da amfani, kina ganin kanki ba kome ba, kome ya yi duhu? Irin wannan Ignatius ya ce kada mutum ya sauya shawarar da ya riga ya yanke yana cikinsa, ya jira haske ya dawo. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba zan ce ki tashi da tsakar dare ki aika saƙon fasa aure ba. Amma abin da kika kwatanta mini ya bambanta. Kin ce addu'arki a kan sauran al'amura lafiya take, sai kin zo kan magana ɗaya nauyin yake sauka. Bai kore ki daga gaban Allah ba, shi ne ma yake durƙusar da ke. Yana da wuri ɗaya da yake nunawa, kuma a wurin akwai abubuwan da suka faru da gaske. Fargabar aure da fasto ya ambata gaskiya ce, ana yin ta, amma ita yawanci a kan auren kansa take: zan iya kuwa, yaya rayuwa za ta zama, zan yi kewar gida. Takan lafa in kin zauna da mutumin kun yi hira. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: in kina tare da shi, nauyin raguwa yake ko ƙaruwa? Kina sakin jiki ki yi magana, ko kina auna kowace kalma don kada ransa ya ɓaci?

Ignatius ya kuma ce maƙiyin ranmu yana son a riƙe masa asiri, ba ya son a kai raɗarsa gaban mai hikima, domin da an fallasa ta ƙarfinta ya ƙare. Ƙawarki ta ce Shaiɗan ne ke damun ki. To, a cikin labarin nan, wane ɓangare ne yake neman a ɓoye, wane ne kuma yake neman a fito da magana fili? Nauyin zuciyarki shi ya sa kika je wurin fasto, kika gaya wa ƙawarki, kika rubuto mini. Roƙon a daina gaya wa yayarki daga wani wuri ya fito. Ayar da ƙawarki ta kawo miki kuwa, 2 Timoti 1:7, Bulus yana ƙarfafa Timoti ne kada ya ji kunyar shaidar Ubangiji, kuma ayar ba ta tsaya a tsoro ba, ta ce an ba mu ruhun iko da ƙauna da kamunkai. Tsayawa a bincika kafin a ɗauki alkawari na har abada aikin kamunkai ne.

Maganar annabcin ita ce na san ta fi ɗaure ki, don haka zan ɗan jima a kanta. Ba na raina baiwar annabci, kuma ban ce mamar nan ƙarya ta yi ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma Littafin da ya ce kada a raina annabci, a 1 Tasalonikawa 5:20-21, shi ne ya ci gaba nan take ya ce a gwada kome, a riƙe abin da yake nagari. A 1 Korintiyawa 14:29 an ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. 1 Yahaya 4:1 ta ce kada a gaskata kowane ruhu sai an gwada. Ashe aunawa umarni ne, wanda ya auna bai yi laifi ba. Akwai wani labari mai ban tsoro a 1 Sarakuna 13. Allah ya aiki wani mutuminsa daga Yahuza zuwa Betel, ya umarce shi kada ya ci ko ya sha a can. Wani tsohon annabi ya bi shi ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce ya komo da shi gida ya ci abinci. Mutumin ya ajiye abin da Allah ya faɗa masa ya bi abin da wani ya ce Allah ya faɗa, ya kuwa rasa ransa a hanya. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne, maganar wani, kome girmansa a ikilisiya, ba ta sauke miki nauyin da ke kanki a gaban Allah. Ke za ki tsaya ki ɗauki alkawarin, ke za ki zauna a gidan. Ko a auren Rifkatu, bayan Laban da Betuwel sun ce al'amarin daga Ubangiji ne, da batun tafiya ya taso sai ɗan'uwanta da mahaifiyarta suka ce a kira yarinyar a ji daga bakinta. Kuma ina da damuwa da yadda aka faɗi naki a gaban jama'a, domin hakan yana sa mace ta ji ba ta da sauran hanyar cewa a dakata ba tare da an ce ta ƙi Allah ba. In annabcin daga Ubangiji ne, bincikenki ba zai rushe shi ba, jinkirin 'yan watanni ma ba zai rushe shi ba.

Yanzu mu koma kan abubuwa ukun nan. Bashi ba zunubi ba ne, mutane da yawa suna shiga aure da shi, kuma kunya kan sa namiji ya ɓoye. Da ya ce miki, "Ki yi haƙuri, kunya na ji, ga yadda abin yake," da shawarata ta yi sauƙi ƙwarai. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo bayan tambayarki. Ya yi miki gaba na kwanaki, alhali Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi muna cikin fushi, ayar da ta zo kafinta kuma ta ce a bar ƙarya a faɗa wa juna gaskiya. Sannan ya ɗauko biyayya ya rufe miki baki da ita. Ba ki ma zama matarsa ba tukuna. Ko kin zama, sashen da ya yi maganar biyayyar mace a Afisawa 5 ya fara da cewa a yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu, ya kuma ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikilisiya. Babu inda aka ce tambaya a kan kuɗin da zai shafi gidanku rashin biyayya ce. Mutumin da ya koya miki tun yanzu cewa tambaya tana da tsada, bayan aure za ki iske kin daina tambaya gaba ɗaya. Ba na yanke masa hukunci, ban ji ta bakinsa ba, kuma mutum yana tuba ya gyaru. Amma tsayuwarsa a gaban matasa da zuwansa sujada ba su amsa waɗannan tambayoyin ba. Jama'a sun san shi a majami'a, ke ce kika ga yadda yake in an taɓa shi.

Ki tuna da Joshuwa da Gibeyonawa. Sun zo da tsofaffin tufafi da busasshen abinci suka ce daga nesa suke. Shugabannin Isra'ila suka duba kayan, suka gamsu da abin da ido ya nuna, Joshuwa 9:14 ta ce ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Suka rantse. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, amma rantsuwa ta riga ta ɗaure su. Lokacin bincike kafin alkawari ne, kuma ke har yanzu kina cikin wannan lokacin.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki koma wurin yayarki a makon nan, ki gaya mata duka, har da roƙon da ya yi na ki daina zuwa. Ki sake ganin fasto, amma wannan karon kada ki ce masa kina jin tsoro kawai, domin daga yadda kika rubuta ina zaton abin da ya ji ke nan, shi ya sa ya ce fargaba ce. Ki faɗa masa bashin, da gabar, da maganar biyayyar. In zai yiwu matarsa ko wata dattijuwa mai riƙon amana ta zauna tare da ku. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yakan lalace in babu shawara, amma mashawarci ba zai ba ki shawara a kan abin da kika ɓoye masa ba. Ki keɓe lokacin addu'a, da azumi in lafiyarki ta yarda, ki roƙi hikima bisa alkawarin Yakubu 1:5. Kada ki matsa wa Allah sai ya ba ki mafarki ko wata alama. Ki roƙe shi ya bayyana abin da ke ɓoye, a wurin mutumin da kuma a zuciyarki, ki kuma kasance a shirye ki karɓi kowace amsa. Wata dabara da Ignatius ya bayar tana da amfani a nan: ki ɗauka wata baƙuwa ce, wadda kike so da alheri, ta kawo miki wannan labarin daidai yadda yake. Me za ki ce mata?

Sai ki zauna da wanda za ki aura ɗin, a gaban wani babba da ku biyu kuke girmamawa. Ki nemi ya buɗe maganar kuɗi gaba ɗaya, nawa ne bashin, wa ke bi, yaya za a biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaya masa gabar da ya yi ta cuce ki, kuma ba za ki yanke zumunci da yayarki ba. Sannan ki zuba ido ki ga yadda zai karɓa. Yakubu 3:17 ta ce hikimar da take daga sama tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, ba ta da munafunci. In ya sauko, ya faɗi gaskiya, ya nemi gafara ba tare da ya juya laifin kanki ba, kuma halin ya ɗore na tsawon lokaci, za ki iya iske nauyin ya sauka da kansa, domin ya gama aikin da ya zo yi. In kuwa ya ƙara hawa, ko ya yi barazana, ko ya ce ki zaɓa tsakaninsa da danginki, to kin ga abin da zuciyarki ta daɗe tana nuna miki. In ya taɓa ɗaga miki hannu, ko kina jin tsoron kaɗaicewa da shi, kada ki jira wani zama, ki sanar da iyayenki nan da nan.

Wata huɗu ba su da yawa ga irin wannan aiki, don haka kada ki ji nauyin neman a ɗaga ranar. Na san abin da ke zuwa ranki: me mutane za su ce, iyaye sun riga sun sanar, ga shekaru suna tafiya. Ba na raina wannan kunyar, tana da ciwo. Amma surutun jama'a na ɗan lokaci ne, kuma yawancin masu yin sa ba za su kasance tare da ke ba in gida ya yi zafi. Shekara 29 ba laifi ba ce da za a biya da gaggawa. Iyayenki sun karɓe shi ne bisa abin da suka sani, ki ba su abin da ba su sani ba tukuna, mai yiwuwa su ne za su fara cewa a jinkirta.

Abu ɗaya kuma a kan jikinki. In rashin barcin ya ci gaba, ko nauyin ya bazu ya shiga aikinki da cin abincinki da addu'arki duka, ki ga likita. Yawan damuwa ciwo ne da ake yi wa magani, zuwa asibiti kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Mutumin da ya daɗe bai yi barci ba yana wahalar bambanta tsoro da gargaɗi.

Kin tambaya ko dakatawa tawaye ne. A'a, 'yata, ba tawaye ba ne. Ba ki ƙi wata doka ta Allah ba, kina neman ki tabbata ne kafin ki yi rantsuwa a gabansa. In ba ki san yadda za ki buɗe wa wanda za ki aura maganar ba, ki ce: "Ina so mu shiga auren nan da gaskiya a tsakaninmu. Akwai abubuwan da sai mun warware kafin ranar, kuma ina so mu yi maganar a gaban fasto." Ki faɗa a natse, kada ki ba da haƙuri don kin faɗa. Ina yi miki addu'a, ki kuma rubuto mini in kun yi zaman.